Ciwon siliyak: me ke faruwa da bangon hanjin yaro, kuma shin yana warkewa?

Maman Nana, Tawa:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da duk wanda ya san wannan lalura. Ɗiyata mai shekara bakwai ta daɗe tana fama da zawo da kumburin ciki, jikinta ba ya kama abinci, tsawonta bai kai na sa'o'inta ba, ga kuma ƙarancin jini da ya ƙi tafiya duk da ƙwayoyin ƙarin jini da aka yi ta ba ta. An ba ta maganin tsutsar ciki, an auna zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini, ba a sami abin da zai bayyana halin da take ciki ba. Daga ƙarshe aka tura mu Yamai, inda aka yi mata fibroskopi, wato leƙa ciki da siririn bututu mai kyamara, aka ɗebo ɗan abu daga cikin hanjinta aka auna. Likita ya ce ciwon siliyak ne, ya ce bangon hanjinta ya shafe, kuma daga yanzu har ƙarshen rayuwarta ba ita ba alkama.

Akwai abin da ban gane ba, ranar kuwa hankalina bai kwanta ba balle in yi tambaya. Mene ne ma'anar bangon hanji ya shafe? Wata ƴar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ta ce mini cikin hanji yana sabunta kansa duk bayan ƴan kwanaki. In haka ne, me ya sa ba za a hana ta alkama na wata biyu ko uku ba, in ta warke ta koma cin abin da kowa ke ci? Kakarta kuma, wato uwar mijina, ta dage cewa ɗan guntun burodi da shayin safe ba ya kashe kowa, ni kuwa ba ni da hujjar da zan ba ta cikin ladabi.

Likitan Yara, Yamai:

Wa alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya ba yarinya lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Ban ga takardunta ba, saboda haka bayanina na gaba ɗaya ne, maganar likitan da ya duba ta ita ce a gaba.

Abincin da mutum ya ci ba ya amfanar jikinsa sai ya ratsa bangon ƙaramin hanji ya shiga jini. Cikin wannan bango ba sumul yake ba. Duk wadda ta taɓa wanke kayan cikin rago ranar Layya ta san ɓangaren tumbin nan mai gashi-gashi kamar tawul. To, cikin ƙaramin hanjin ɗan Adam ma yana da irin wannan gashi, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai, tsawon kowane sili bai wuce milimita ɗaya ba, kuma a cikin kowanne akwai ƴan jijiyoyin jini da ke karɓar abin da aka tsotsa. Amfanin gashin shi ne ya faɗaɗa wurin da abinci ke taɓa jiki, har faɗin cikin ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kimanin murabba'in mita 30. Abin da ya lulluɓe gashin kuwa shimfiɗa ce ta ƙwayoyin jiki, layi ɗaya tak, manne da juna, kuma wannan layi ɗaya shi kaɗai ne tsakanin abin da ke cikin hanji da jinin mutum. Ƴar'uwarku ta faɗi gaskiya: a gindin gashin akwai ƴan ramuka inda ake haifar sabbin ƙwayoyi, su yi ta hawa har su kai ƙolin sili su faɗi, duka cikin kwana uku zuwa biyar.

Yanzu ga yadda alkama ke shigowa cikin maganar. A cikin alkama da sha'ir, da wata danginsu da ake nomawa a ƙasashen sanyi, akwai furotin mai suna gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya tashi. Cikin kowa ba ya iya narkar da gulutin ƙarƙaf; kullum sai wasu dogayen guntaye sun rage, har da wani mai amino asid 33 da aka bayyana a 2002. Ga yawancin mutane waɗannan guntaye wucewa suke yi ba tare da wata illa ba. Ga mai siliyak kuwa, suna ratsa shimfiɗar nan, wasu ta cikin ƙwayoyin kansu, wasu ta tsakaninsu idan mannewar ta yi sako-sako. Da sun isa ƙarƙashin shimfiɗa sai wani sinadarin jiki mai suna taransgulutaminas ya ɗan sauya musu fasali, sauyin kuma ya sa su dace daram da wasu alamomin gado da ake kira HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Waɗannan alamomi su ne ke miƙa guntun gulutin ga ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su ɗauke shi a matsayin cuta, su tayar da kumburi. Mutane da yawa suna da waɗannan alamomi, a Turai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, amma kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa. A duniya baki ɗaya masu ciwon ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne cewa shimfiɗar hanji ba wadda aka zalunta kawai ba ce, da hannunta a cikin rikicin. Idan ƙwayoyinta suka shiga ƙunci, sukan fitar da wasu sinadarai na kiran agaji, musamman wanda ake kira IL-15, kuma wannan kira yana harzuƙa wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a tsakaninsu tun asali, su juya su riƙa kashe ƙwayoyin shimfiɗar. A 2024 ma masu bincike na Jami'ar McMaster da ke Kanada sun nuna cewa ƙwayoyin shimfiɗar da kansu suna iya miƙa gulutin ga garkuwar jiki, ba sai sun jira wani ya yi ba. To, idan kisan ya fi haihuwa sauri, ramukan gindi sai su ƙara zurfi saboda ƙoƙarin cike giɓi, ƙwayoyin da suke turowa kuma ɗanyu ne da ba su ƙware a aikin tsotsa ba, gashin ya yi ta gajarcewa har wurin ya zama fili. Wannan shi ne abin da likitanku ya kira shafewa, kuma masu duba biyopsi, wato ɗan abin da aka ɗebo daga hanji, suna auna matakinsa da wani tsari da likita Michael Marsh ya fitar a 1992.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa ƙwayoyin ƙarin jini ba su yi mata aiki ba. Sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi ana tsotsarsa ne a farkon ƙaramin hanji, dab da tumbi, kuma nan ne gulutin ya fi taruwa, nan ne ɓarna ta fi tsanani. Ta sha maganin, amma wurin da zai karɓe shi ya lalace. Haka kalsiyom na ƙashi, haka maiƙo, shi ya sa bayan gidan irin waɗannan yara yakan zama mai yawa, mai maiƙo da wari.

Game da tambayarki ta biyu, bangon hanji yana warkewa, a yara ma da sauri fiye da manya. Yawancinsu cikin ƴan watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu gashin yakan dawo yadda yake. Abin da ba ya warkewa shi ne tunawar garkuwar jiki. Ƙwayoyin da suka koyi gane gulutin suna nan zaune a bangon hanji shekara da shekaru, ranar da ya dawo kuwa su ma za su koma bakin aikinsu. An yi gwaji a Italiya, aka buga sakamakonsa a 2007, inda aka riƙa ba manyan da hanjinsu ya warke miligiram 50 na gulutin kowace rana har kwana 90, aka kuma tarar gashin hanjinsu ya soma gajarcewa. Miligiram 50 kuwa shi ne abin da ke cikin kimanin rabin giram na fulawa. Guntun burodin da Kaka ke magana ya ninka wannan sau da yawa. Wani abin lura kuma, yaro yana iya ci bai yi zawo ba, bai ce cikinsa na ciwo ba, alhali ɓarnar tana gudana a ciki, don haka rashin kuka ba shaidar lafiya ba ne.

Ina ƙara jan hankalinki kan masu tallar magani a Facebook da WhatsApp da ke cewa suna toshe ɗigar hanji. Gaskiya ne akwai wani furotin mai suna zonulin, wanda Alessio Fasano da abokan aikinsa suka bayyana a 2000, mai sassauta mannewar ƙwayoyin shimfiɗa, kuma an ƙera wani magani mai suna larazotide don ya ƙarfafa mannewar, amma an dakatar da babban gwajinsa a 2022 saboda bai nuna amfanin da ake fata ba. Har yau babu ƙwaya ko jiƙo da ya maye gurbin barin alkama.

Ɗan Adar, ma'aikacin ɗakin awo:

Likita, Allah ya ƙara basira, bayani ya gamsar. Ina da ɗan ƙari ne kawai daga ɓangaren da nake aiki. Maman Nana ta ambaci fibroskopi amma ba ta ambaci awon jini ba, a ƙasa irin tamu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shafewar gashin hanji ba siliyak kaɗai ke kawo ta ba. Ƙwayar cutar jiyardiya da ake sha a gurɓataccen ruwa tana kawo ta, tamowa mai tsanani tana kawo ta, haka kuma akwai wani yanayi da aka sani a yaran da suka tashi inda tsabtar ruwa da bayan gida ta yi ƙaranci, wanda hanjinsu ke zama cikin kumburi kullum saboda yawan haɗiyar ƙwayoyin cuta. Idan aka sa waɗannan a ƙarƙashin madubin awo, kamanninsu na iya rikita mai dubawa. Abin da ke rarrabewa shi ne awon jini na antikor (wato sinadarin kariya da garkuwar jiki ke fitarwa) na taransgulutaminas nau'in IgA, tare da auna yawan IgA ɗin gaba ɗaya, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya yin sa sosai, awonsu ya fito babu komai alhali suna da ciwon. Hana yarinya alkama har abada hukunci ne mai nauyi, ya kamata ya tsaya kan ƙafa biyu, jini da biyopsi.

Amma kada wani ya fahimce ni a kan cewa ciwon na Turawa ne, mu bai shafe mu ba. Gaskiya ne a Turai aka fara gane shi: Samuel Gee ya bayyana alamominsa a Landan a 1888, kuma likitan yara Willem Dicke na ƙasar Holan shi ne ya ɗora laifin kan alkama, ya kuma lura cewa yaran da yake jinya sun sami sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka kuma koma ciwo da burodi ya dawo, ya rubuta kundinsa a kan haka a 1950. Sai dai adadi mafi yawa da aka taɓa samu a cikin wata al'umma, a nan hamadar Sahara aka same shi. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a yankin Tinduf na Aljeriya ya sami kashi 5.6 cikin ɗari, wato ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai, kuma al'umma ce da fulawar agaji ta zama babbar cimakarta.

A ganina wannan ya kamata ya sa mu yi tunani. Kakanninmu a Adar hatsi da dawa da wake da nono suka rayu a kai, alkama kuwa ta alkaki ce da taliyar biki. Yau a Tawa da Yamai yaro yana karyawa da burodi, ya ci fanke a makaranta, ya ci makaroni da dare. Wanda ya gaji ciwon a da yana iya tsufa bai sani ba, domin abin da ke tayar da shi bai cika shiga bakinsa ba. Ina zaton akwai yara a cikin waɗanda ake yi wa maganin tamowa, su murmure su sake komawa, da ya dace a auna musu wannan.

Hajiya Mai Dambu, Yamai:

Maman Nana, ƙanwata, sannu da jinya. Ni da kaina nake da wannan lalura, kuma sai da na girma na yi ƴaƴa aka gano ta, bayan shekaru ina fama da kasala da ƙarancin jini. Bayanin cikin hanji na bar wa masana, ni ta ɗakin girki zan ba ki.

Mu a ƙasar nan Allah ya rufa mana asiri, domin abincinmu na gado kusan duka halal ne ga mai siliyak: tuwon hatsi, tuwon dawa da na masara, fura, kunu, shinkafa da wake, acca, garin rogo, dankali, doya, dambun hatsi ko na shinkafa da zogale, ƙuliƙuli, nama da kifi. Burodi da taliya da makaroni da kuskus ɗin kanti da biskit kowa ya san na alkama ne, ba su ne ke ba da wahala ba. Wahalar tana wurin da fulawa ke ɓuya. Masu masa da yawa suna zuba ƴar fulawa a ƙullu don ta yi laushi, haka masu ɗanwake. Mai ƙosai a bakin titi sau da yawa a mai ɗaya take soya ƙosai da fanke. Lemun malt da garin shayin yara mai malt daga sha'ir ake yin su. Dunƙulen ɗanɗanon miya ma sai kin karanta jikin takardarsa, domin wasu akwai alkama a ciki. Ni dai na koma daddawa da gishiri da kayan yaji, hankalina ya kwanta. Sai kuma injin niƙa: idan ana kai masa alkama, ki roƙi mai injin ya fara zuba ɗan hatsi ya wanke shi a ware wannan garin, ko ki nemi injin da ba a kai masa alkama. Rariya da muciya da kaskon Nana su zama nata daban idan gidan ana aiki da fulawa.

Batun Kaka kuwa, kada ki yi jayayya da ita, ba ki da riba a ciki. Tausayin jika ne ke sa ta, tana ganin ana ci yarinya na kallo. Ki sa mijinki ya tafi da ita ranar komawa asibiti ta ji daga bakin likita, sannan ki damƙa mata aikin dama wa Nana kunun safe da soya mata masar gida, ta yadda ita ce za ta zama mai tsaron abincin. Malamar ajinsu ma a sanar da ita, saboda kuɗin kashewar da ake ba yara a makaranta yawanci a kan fanke da biskit yake ƙarewa.

Maman Nana, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Ɗan Adar, na koma na duba takardun: an yi awon jinin da ka ambata tun kafin fibroskopi, kuma likita ya ja layi a ƙarƙashin adadin, ya rubuta cewa ya haura ninki goma na iyakar da aka saba. Likita, saura abu biyu. Tun da muka daina ba ta alkama zawon ya ragu sosai, amma duk ranar da ta sha madara sai cikinta ya kumbura ya yi ta ƙugi. Shin madara ma ta haramta gare ta ke nan? Sannan tana da wa da ƙanwa, su lafiyarsu ƙalau a ido. Mahaifinsu yana cewa mu hana gidan duka alkama mu huta.

Likitan Yara, Yamai:

Adadin da ya haura ninki goma tare da biyopsi da ya nuna shafewa, wannan ya amsa damuwar Malam Ɗan Adar, kuma damuwa ce da ta dace.

Madara ba ta haramta ba, wannan ma daga bangon hanjin ne. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wato laktas, a ƙolin gashin hanji yake zaune, saboda haka idan gashin ya shafe shi ma ya tafi, sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin da ke can su ci shi su fitar da iska. Yawanci na ɗan lokaci ne, yana gyaruwa yayin da gashin ke dawowa. Ki rage mata ɗanyar madara da ta gari na wasu watanni, ki gwada nono mai tsami a fura kaɗan-kaɗan, da cuku, domin sukarin da ke cikinsu bai kai na ɗanyar madara ba, tana kuma bukatar kalsiyom ɗin don ƙashinta. Maganin ƙarin jini ma a ci gaba da shi yadda likitanta ya tsara, yanzu ne zai fara shiga.

Game da wanta da ƙanwarta, ku dakata tukuna. Cikin ƴan'uwa na jini, wato iyaye da ƴaƴa da waɗanda aka haifa ciki ɗaya, kimanin mutum ɗaya cikin goma yana da ciwon, da yawa kuma ba tare da wata alama ba. Awon jinin yana kama antikor ne da jiki ke yi a lokacin da ake cin gulutin. Idan kuka hana su alkama kafin a auna, antikor ɗin zai sauka, sakamako ya fito babu komai, ku zauna cikin rashin sani. A auna su duka biyu, da ke da mahaifinsu, alhali kuna cin abincinku yadda kuka saba, bayan nan ku yanke shawarar abin da za a riƙa dafawa a gidan. Ita kuma Nana a maimaita mata awon antikor bayan wata shida, sannan bayan shekara, a riƙa rubuta nauyinta da tsawonta a kati ɗaya duk zuwa asibiti. Idan adadin bai sauka ba, mafi yawan lokuta akwai inda fulawa ke shiga abincinta ba ku sani ba, sai ku bi wuraren da Hajiya ta lissafa ɗaya bayan ɗaya, ku fara da injin niƙa da abin da take saye a makaranta.